Farar Rigar Malam

Sufeto bai gama shan shayin safe ba aka kira daga asibiti. An kawo musu wani matashi ranga-ranga daga garejin wani tsohon malamin makaranta. Likita ya ce hayaƙi mai guba ya shaƙa, huhunsa ya taɓu, kuma har yanzu bai farfaɗo ba.

"Ɗauko mota," ya ce wa Saje. "Yau Asabar ɗinmu ta tafi."

Garejin babu mota a cikinsa. Benci ne a jere, da allo, da kwalabe a kan kanta, kowace da takardar suna manne a jikinta. Mai gidan ya koyar da kimiyyar sinadarai har ya yi ritaya. Da zaman gida ya ishe shi sai ya buɗe ƙofar garejin duk Asabar, masu sana'a da ɗalibai suna zuwa da tambayoyinsu. Me ya sa sabulu ba ya kumfa da ruwan rijiya? Me ya sa azurfa ke yin baƙi? Da me ake cire tsatsa? Kowa Malam yake ce masa.

Suka same shi zaune a kan benci, hula a hannu.

"Wane ne yaron?" Sufeto ya tambaya.

"Ɗalibi ne a kwaleji, yana wanki da guga don ya riƙe kansa. Me-ya-sa muke ce masa, don bakinsa ba ya rabo da tambaya. Shi ke zuwa da wuri ya goge ƙasa kafin mutane su taru."

A bayan garejin akwai wani ɗan ɗaki inda ake wanke kwalabe. Tun daga ƙofa warin ya bugi Saje, ya ja baya yana tari. A ciki akwai bokiti, da robar bilic na wankin fararen kaya a buɗe, da wata jarka da aka rubuta wa RUWA.

"Ƙila kuskure ya yi wajen haɗi," in ji Saje.

"Wannan yaron?" Malam ya miƙe. "Shi ke gargaɗin sababbin zuwa kada su kuskura su haɗa bilic da komai in ba ruwa ba."

Ya ɗauko wata kwalba mai ruwa shuɗi-shuɗi daga kanta. Ya ce ruwan dafaffen jan kabeji ne, da shi suke gwaji. Ya tsiyayi kaɗan daga jarkar a kofin gilashi, ya ɗiga ruwan kabejin a kai. Nan take ya koma ja wur.

Hannun Malam ya kama rawa.

"Ruwa ba ya yin haka. Akwai asid a jarkar nan, in kuwa ya haɗu da bilic hayaƙi mai guba yake tayarwa. Jiya da rana ni da kaina na cika ta a famfo."

"Wa ya fara ganinsa?"

"Mai Sabulu."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe hanci. Ita ce ta fi kowa daɗewa a ajin, sabulun wanka da na wanki take haɗawa tana sayarwa. 'Yan ajin Anti suke ce mata.

"Na zo na tarar da ƙofa a buɗe, shi kuma a kwance," ta ce. "Shi ke nan abin da na sani."

Sufeto ya dubi ƙofar ɗan ɗakin. Daga ciki, ƙasan katakon ya tsage, ga shatin takalmi nan bi da bi.

"Mutumin da ƙofa ke buɗe a gabansa ba ya dukanta da ƙafa, Hajiya."

Ta kau da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Kuma an ce mini makon jiya kun yi cacar baki."

"Cacar baki? Gaskiya na faɗa masa! Tun ana benci ɗaya nake zuwa garejin nan. Ni na kawo rabin mutanen da ke zama a nan. Yaro ya zo jiya-jiya, ya yi sabulu sau ɗaya, Malam ya ɗaga shi sama yana cewa kowa ya zo ya gani. Sannan a gabanmu ya ciro farar rigarsa ta aiki, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya sa masa, ya haɗa masa da makullin gareji. Ba zan ji haushi ba?"

"Haushin ya kai ki zuba asid a jarka?"

"Allah ya kiyaye! Ni da na ja shi waje da hannuna?" Ta sauke murya. "To, zan faɗa. Ƙofar a rufe take. An sa sakata ta waje. Ni na zare ta. Na ji tsoro ne a ce ni ce, tun da kowa ya ji faɗanmu."

Saje ya duba tagar ɗakin. An ja ta an rufe gam, an cusa tsumma a inda gilashi ya fashe.

"Wannan ba tsautsayi ba ne, yallaɓai," ya ce.

Malam ya duba kantarsa kwalba-kwalba. Bai ajiye komai mai ƙarfi a gareji ba, sai ruwan khal na girki da lemon tsami. Ya ce abin da ke jarkar ya fi su nesa ba kusa ba, ya fi kama da ruwan batir. A cikin masu zuwa ajin kuwa mutum ɗaya ne ke cajin batir.

Shagon Mai Batir yana bayan tashar mota. Suka same shi durƙushe a tsakanin wayoyi, rigarsa duk huji kamar rariya.

"Ka ba wani ruwan batir kwanan nan?"

"Ni? Ko ɗigo."

"Galan nawa kake da su?"

"Ga su nan, yallaɓai, duk suna nan."

Saje ya nuna wani zagayen shati a ƙasa, inda ƙura ba ta hau ba. "Wannan kuma galan ɗin aljanu ne ya zauna a nan?"

Mai Batir ya share gumi. "Wallahi tsoro ne ya sa na ɓoye. Ni na kai shi garejin. Wancan makon Me-ya-sa ya tambaya me ya sa kayana ke hujewa, Malam ya ce in kawo kaɗan a nuna wa mutane a kan tsumma."

"Me ya sa suke hujewar?"

"In ya fantsamar maka ba ka ganin komai. Sai ya bushe, an wanke, sannan ka ga huji ya fito. Matata ta gaji da faci, ta ce in nemi tela in aura."

"Ina sauran ruwan?"

"Malam ya ce ba za a bar shi a gareji ba saboda yara. Cikin gida ya shiga da shi. A kabad ɗin falonsa ya kulle, ina tsaye."

Suka koma mota.

"Malam bai gaya mana wannan ba," in ji Saje.

"Bai gaya mana ba. Ka lura da hannunsa lokacin da ruwan ya yi ja?"

Da suka koma, matar Malam ce ta buɗe musu ƙofar cikin gida. Umma ake ce mata. Malam ya buɗe kabad ɗin ba tare da ya dubi kowa ba. Galan ɗin yana nan, amma ya yi ƙasa sosai.

"Ina kake ajiye makullin?"

"A saman kabad. Kowa a gidan ya sani."

"Su wa ke gidan?"

"Ni, da ita, da babban ɗanmu. Sauran sun yi aure."

Ɗan ya fito daga ɗakinsa da jallabiya. Mutum ne mai natsuwa, ya haura talatin, akawu ne a wani ofis, har sunan Akawu ya bi shi gida. Ya gaishe su da ladabi.

"Ina kake da safen nan?"

"Ina ɗakina, barci nake. Ihun Anti ne ya tashe ni."

"Kana shiga garejin?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ni? Ai ni ne daƙiƙin gidan, yallaɓai. Ka tambayi Baba. Ban san bambancin gishiri da kanwa ba. Rabona da garejin nan har na manta."

Malam ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya nemi ruwan sha. Umma ta nufi kicin, ya bi bayanta zuwa tsakar gida. A kan igiya akwai shanya: zannuwa, da riguna, da wani baƙin wando na zuwa ofis. Ya ɗaga ƙafar wandon ya kara da rana. Haske ya ɓullo ta ƙananan huji daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Na wa ne wannan, Umma?"

"Na Akawu. Jiya ya sa shi, da safe na wanke." Ta matso ta gani, sai ta yi saurin cewa, "Dutsen guga ne. Ni na ƙona."

"Kin goge shi tun kafin ya bushe?"



Sufeto ya cire wandon daga igiya, ya koma falo, ya shimfiɗa shi a kan tebur gaban Malam.

"Malam, kai ne masani. Me ke yi wa yadi irin wannan?"

Malam ya dubi hujin.

"Faɗa masa mana, Baba," Akawu ya ce. Muryarsa ta canja. "Ko sai Me-ya-sa ne ya tambaya za ka amsa?"

"Rufe bakinka," Umma ta ce daga ƙofa. "Don Allah rufe bakinka."

"A'a, Umma, bari. Ruwan batir ne, yallaɓai. Ruwan da ke ciki ya bushe, asid ɗin ya ƙara ƙarfi, ya cinye zaren. Daidai ne, Baba? Na ci?"



"Ka ce ba ka shiga garejin," in ji Sufeto.

"Ba na shiga. Tagar ɗakina tana jikin bangonsa. Duk Asabar ina kwance ina ji. Babu darasin da ya wuce ni." Ya juya ga mahaifinsa. "Ina ƙaramin aji na tambaye ka me ya sa albasa ke sa hawaye. Kana gyaran takardun jarrabawa, ka ce in tafi in ba ka wuri. Da na faɗi darasinka, a gaban abokaina ka ce ba ka san inda aka samo ni ba. Ran nan yaron nan ya yi maka tambayar albasar, ita ɗin dai, ka tsayar da aji, ka ce, 'Ku ji tambayar mai hankali.' Ka kira shi ɗanka. Ina ji. Rigar nan, ina yaro na taɓa sa ta ina wasa, ka zane ni da bel. Shi kuma da hannunka ka ɓalla masa maɓalli."

"Don riga?" Malam ya ce da ƙyar. "Don riga za ka kashe ɗan mutane?"

"Har yanzu ba ka gane ba."

"Yaushe ka zuba?" Sufeto ya katse su.

"Jiya da yamma, da Baba ya fita. Na toshe taga. Da safe na ji shigarsa, na ji ya fara tari, na zagaya na sa sakata. Na ce minti kaɗan zan bar shi, ya tsorata, a ce ya yi kuskure, Baba ya karɓe makullinsa. Sai na ji yana dukan ƙofa yana kiran Malam, Malam. Ko a lokacin ma shi yake kira. Sai na koma ɗaki na kwanta."

Umma ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa.

Saje ya ciro ankwa. Akawu ya miƙa hannuwansa da kansa. Wayar Sufeto ta yi ƙara, ya saurara, ya kashe.

"Yaron ya buɗe ido. Likita ya ce zai rayu, amma numfashinsa ba zai koma kamar da ba."

"Alhamdu lillahi," Malam ya ce, ya rufe fuska da hularsa.

Maƙwabta sun cika layin. Anti Mai Sabulu tana tsaye a bakin gareji, hannu a baki. Saje ya sa Akawu a kujerar baya ya zauna kusa da shi. Sufeto ya tada mota.

Har sun fara tafiya sai ga Malam ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ɗaga hannu. Sufeto ya taka burki. Ta madubi ya ga Akawu ya miƙe zaune, ya matso jikin taga, idonsa a kan mahaifinsa.

Malam ya iso yana haki, ya dafa ƙofar gaba.

"Yallaɓai," ya ce, "in ta wajen asibiti za ku bi, ku rage mini hanya."

Akawu ya koma ya jingina da kujera a hankali.

"Ba ta can za mu bi ba, Malam," in ji Sufeto. Ya ja mota.