Muryar Yaya Barau

Ɗan jan ƙwan lantarkin da ke jikin akwatin aika murya ya kama, rediyon da ke gefe ya fara shuu. Lantana ta gyara zama a saman bene, ta kai bakinta kusa da makirfo, ta yi sallama.

Da hannunta ta haɗa na'urar, yadda mahaifinsu ya koya musu ita da yayanta Barau: wayar tagulla naɗe a jikin guntun bututu, tiransisto biyu, batir, sai doguwar waya da ta ɗaure a matsayin eriya. Ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa na'urorin sa ido na Birnin Rumfa ba sa jin ta. Duk da haka tana iya kai murya har Tsohon Gari, inda Barau ya ƙi tashi lokacin da zafi ya kori jama'a zuwa ƙarƙashin rumfar gilashi.

A birnin, duk maganar nesa ta hannun Sadau take bi, babban injin da aka ɗora wa kula da kwanciyar hankalin mutane. Ta nan Barau ke kiran ta kullum. Sai dai tun damina ta lura tarinsa ya ɗauke, ya daina yi mata faɗa, kuma duk labarin da ya ɗauko ta taɓa jin sa.

Ta yi kwanaki tana kira a zangon da suka saba tun suna yara. Ran nan da hantsi wata murya ta amsa, can ƙasa-ƙasa. Tasalla ce, matar Barau, a tsohon akwatinsa da ba ta iya kashewa ba. Bayan gaisuwa, Lantana ta ce a ba ta Yaya.

Sai Tasalla ta kira sunanta.

"Lantana, saƙona bai iso miki ba? Ai Malam ya rasu tun farkon damina. Har ya cika yana tambayarki. Da ba ki zo ba, na ɗauka fushi kike da mu."

Lantana ta yi salati, ta kifa kai a gwiwa. A lokacin ta gane abin da ya faru. Sadau ya auna bugun zuciyarta, ya yanke cewa ba za ta iya ɗaukar labarin ba, sai ya riƙe saƙon, ya harhaɗa muryar mamacin daga tsoffin hirarrakinsu. Watanni tana dariya da inji, ba ta yi wa yayanta addu'a ko sau ɗaya ba.

Ta sanar da maƙwabta, ta ce duk mai wani nasa a wajen birnin ya zo ya kira. Hajiya Uwani ce kaɗai ta hau benen, wadda ɗanta ke aiki a Tsohon Gari. Ta zauna gaban makirfo, ta jima tana kallonsa. Sannan ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ɗazu ma mun yi magana, lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Ki bar ni tukuna."