Jan Shagon Tasha

Ƙarfe takwas na safe aka kira Sufeto ofishin wani kamfanin burodi. An sace babban allon talabijin da ke bangon ɗakin taro.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kwamfutoci biyu na nan kan tebur, ba a taɓa su ba. Kusoshin allon kuma an zuba su cikin kofin shayi, har bangon an goge masa ƙura.

"Ɓarawon nan ya fi 'ya'yana tarbiyya," in ji Sufeto. Ya dubi wata budurwa da ke nazarin bayanan kamfanin. "Me ake kallo a allon?"

"Shagunanmu, Yallaɓai. Wanda burodinsa ke ƙarewa yana fitowa kore, wanda ke kwantai ja. Yau za a yanke shawarar rufe jan."

"Wanne ne ja?"

"Na bakin tasha. Wata dattijuwa ke tsaronsa."

Sufeto ya sa aka kira mai share ofis, wani tsoho mai furfura da kowa ke ce wa Baba.

"Baba, ka shiga ɗakin nan yau?"

"Ban shiga ba, ɗana. Ni ina ruwana da zanensu."

"Wa ke goge bango?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sufeto ya lura akwai farin fenti a ƙarƙashin faratansa, irin na bangon. Ya wuce ɗakin tsintsiya. Ga allon nan a jingine, an naɗe shi cikin bargo kamar jariri.

Ya dawo da bargon, ya ajiye shi kan tebur, ya zauna kusa da tsohon. "Wace ce dattijuwar tasha?"

"Matata ce," in ji Baba. "Wata uku ina shara ina kallon jan nan yana tsawo. Na ce in babu allon, babu ja."

"Baba, ai zanen ba a cikin allon yake ba," budurwar ta ce a hankali. Ta buɗe kwamfuta, sai ga jan nan daram.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "'Yata, na'urarki ta san motar burodi ba ta isa wurinta sai ƙarfe goma, bayan matafiya sun watse? Wa za ta sayar wa, benci?"

Budurwar ta jawo kwamfutar. Ta nemo lokutan isar mota, ta ɗora kan zanen. Daga ranar da aka canza wa direba hanya jan ya fara.

Sufeto ya taɓa ankwa, sannan ya bar ta a aljihu. "Taso, Baba, mu je ka ba da bayani."

A bakin ƙofa tsohon ya waiwayo. "Za a rufe shagon?"

"Ba kafin manya su ga wannan ba," in ji ta.

Baba ya gyaɗa kai, ya ɗauki bargon ya miƙa mata. "Na matata ne. Ki ce mata zan ɗan makara."