Tef a Cikin Tanda

"Kowa ya kwanta! Na ce kowa ya kwanta!"

Barkono ne ya banko ƙofar situdiyon gyaran sauti da kafaɗa, bindiga a gaba, yana ihu kamar zai tarar da taron biki. Mutum biyu ya tarar. Wata mata mai tabarau a gaban teburin maɓallai, ita ce injiniyar wurin. Sai wata tsohuwa a kujerar roba, jaka a cinya, kofin shayi a hannu.

Injiniya ta ɗaga hannuwa sama. Tsohuwar kuwa ta dube shi daga kai har ƙafa.

"Ɗan nan, in na kwanta a ƙasan nan, kai za ka tashe ni?"

Kawu ya shigo a bayansa, ya mai da ƙofa a hankali. "Bar ta, Barkono. Mama, yi zamanki. Ba za mu daɗe ba."

Su uku ne a wannan sana'a tasu mara albarka. Kawu shi ne shugaba, furfura ta fara cin kansa, kuma bai taɓa shiga gidan mutane bai yi sallama ba, ko da ta taga ya shiga. Barkono, ba sai an tambayi inda ya samo sunansa ba. Na ukun Taya ne, direba, yana cikin mota a lungun da ke ƙarƙashin tagar situdiyon, yana cin farcensa.

Aikin ɗan kamfanin da ke da situdiyon shi ne tono kiɗan tsofaffin finafinan bin sawu da harbe-harbe. Su nemo tef ɗin asali, su wanke sautin tas, su buga sababbin fayafayai don masu tara irin wannan kaya. To, a cikin masu tarawar akwai wani attajiri da faifai bai ishe shi ba. Shi tef ɗin kansa yake so, wanda babu na biyunsa a duniya, ya kulle a ɗakinsa kada kowa ya ji sai shi. Shi ya turo su Kawu da rana tsaka, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci.

"Tef ɗin asali," in ji Kawu. "Ba mu, mu kama gabanmu."

Injiniya ta nuna kusurwa da haɓa. Wata 'yar tandar lantarki ce a kan tebur, jar fitilarta a kunne.

"Yana ciki."

"Cikin me?" in ji Barkono.

"Tanda. Gasa shi muke yi."

"Kawu, matar nan ta raina mana hankali."

"Wallahi ba raini ba ne," in ji ta. "Tsohon tef yana shan danshi, sai ya riƙa danƙo. In aka sa shi a inji haka, fatarsa ta saluɓe, sautin ya tafi har abada. Sai an ɗumama shi a hankali, sannan a bar shi ya huce da kansa. Ku ciro shi yanzu ku jijjiga shi a mota, baƙar igiya kawai za ku kai wa wanda ya aiko ku."

Kawu ya sosa ƙeya. Tun farko attajirin ya ce musu sai ya saurara da kunnensa kafin ya sallame su.

"Yaushe zai nuna?"

"Zuwa yamma."

Barkono ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa hannu, ya jawo kujera ya zauna. Ni dai ban taɓa jin 'yan fashin da suka zauna jiran girki ba sai waɗannan.

Ɗakin ya ɗau zafi. Barkono ya tura taga ya buɗe, yana ƙunƙuni. Tsohuwar ta ciro fulas daga jaka, ta zuba shayi a murfin ta miƙa wa Kawu, shi kuma ya karɓa da hannu biyu.

"Mama, ke me ya kawo ki nan?"

"Mijina ne ya tsara kiɗan. Allah ya yi masa rasuwa tun gashina yana baƙi." Ta ajiye kofi. "Tef biyu ne. Na farko sun gama da shi. Wannan na cikin tanda, an ce ya naɗi har maganar da suke yi kafin su fara busa. Akwai muryarsa a ciki. Ka san abin kunya? Na manta ta. Fuskarsa tana nan, tafiyarsa tana nan, amma in na rufe ido in ji ya kira ni, sai shiru. Shi ya sa na zo tun safe na zauna."

Kawu ya ajiye shayin. Tausayi ya kama shi, abin da ba ya so ya same shi a bakin aiki. Ya juya wajen Injiniya don ya kauce wa idon tsohuwar.

"Wane fim ne ma?"

Ta ɗago kwalin sabon faifan da za a buga. Hoton wani mutum da doguwar riga a kan gada, mota tana ci da wuta a bayansa.

Kawu ya miƙe tsaye. "Kai! Wannan? Ta katanga nake haurawa sinima in kalle shi, har mai gadi ya san ni. Barkono, wurin da suke bin sa a kan gadar nan..."

"Kawu, aiki muka zo."

"Ai jira muke. 'Yar'uwa, sa mana na farkon mu ji."

Injiniya ta danna maɓalli. Ganga ta fara daga ƙasa, dum, dum, kamar zuciyar mai laifi. Garaya mai kauri ta biyo. Ƙahoni suka tsage ɗakin. Kawu ya koma ya zauna, ya lumshe ido, bindiga a cinya, ƙafa tana buga ƙasa. Sai kiɗan ya kai kan gada, inda marigayin ya saka jiniyar 'yan sanda ta gaske a tsakiyar busa. A tsohon faifai jiniyar nan a shaƙe take, kamar kyanwa a cikin buhu. Amma Injiniya ta san aikinta, ta wanke ta fes. Ta fito ta manyan lasifikoki, ta bi ta tagar da Barkono ya buɗe, ta sauka cikin lungu.

Taya ya daskare.

Ƙa'idarsu ita ce, in ya ga abin tsoro ya danna oda ya jira su fito. Ya dubi oda. Ya dubi taga. Jiniya na ƙara matsowa.

"Kowa ya yi ta kansa," ya ce wa sitiyari.

Ya ba mota wuta. Kwana ta farko — ya kwashe kwandon shara! Ta biyu — ya shiga hannun da ba nasa ba! Masu babur suna watsewa, suna aika masa da zagi. Yana ta waiwaye yana neman motar da ke bin sa, bai ga wadda ke gabansa ba.

Garam!

Motar sintiri ce, a ajiye a gaban mai faci. Sufeto na tsaye a inuwa yana ɓare lemo, Kofur na riƙe da tayar da aka cire. Ba su san da wani fashi ba a duk faɗin garin.

Taya ya fito hannu a sama, goshi na jini. "Ranka ya daɗe, ni ban shiga ba. Ni direba ne kawai."

Sufeto ya tofar da ƙwallon lemo. "Ba ka shiga ina ba?"

"Situdiyon. Kawu ne da Barkono, su ke da bindiga."

"Kofur," in ji Sufeto, "mai da tayar nan. Kai kuma ci gaba, ina jin daɗin hirarka."

A can sama, Kawu ya sa an maimaita masa wurin gadar har Barkono ya fara zagaye ɗaki kamar akuyar da aka ɗaure. Tsohuwar tana ba da labarin yadda marigayin ya hana ta barci da gwajin ƙaho a tsakar gida, har maƙwabta suka kai ƙara. Kawu yana dariya har da riƙe ciki. Kiɗa ya ƙare. Can sai jiniya ta sake tashi.

"Kin ji?" in ji Kawu. "Wannan karon ta fi fita ma. Hannunki da albarka."

Injiniya ta dubi teburinta. "Ni na kashe tun ɗazu."

Barkono ya leƙa taga. Lungu wayam, sai kwandon shara a kife.

"Taya ya fece! Kawu, ya sayar da mu!" Ya juyo, ido jajur. "Ɗauko tef ɗin mu ware ta baya!"

"Bai nuna ba."

"Ya ƙone ma! Mu kai masa haka, in ya so ya dafa abinsa!"

Ya yi kan tanda. Tsohuwar da ta ce ba ta iya tashi daga ƙasa, sai ga ta tsaye a gabanta, ta baza hannuwa. Ko gusawa ba ta yi ba.

"Matsa, tsohuwa!"

"Ba zan matsa ba."

Ya ɗaga bindiga. Sai ya ji sanyin ƙarfe a bayan kunnensa.

"Sauke," in ji Kawu.

"Ni? Ni za ka nuna wa? Saboda kiɗa?"

"Sauke, na ce."

Barkono ya juya da ƙarfi, ya kai masa gwiwar hannu — suka kife kan kujeru — tau! Harsashi ya shige cikin lasifika, ƙura ta tashi. Takalma a kan matakala! Barkono ya fizge jikinsa, ya banka ƙofar baya, ya faɗa hannun Kofur da ke tsaye yana jiran sa kamar mai jiran saƙo.

Kawu bai gudu ba. Ya ajiye bindiga a kan tebur, ya ta da kujerar tsohuwar, ya kakkaɓe, ya zaunar da ita. Sannan ya miƙa wa Sufeto hannuwansa.

Sufeto ya ɗaura masa ankwa, ya dubi ɗakin. "Ina abin da suka zo ɗauka?"

Injiniya ta nuna tanda.

"To, shaida ce. Kofur, cire wayar ka ɗauko."

"A'a!" Baki uku ne suka faɗa tare, kuma na ɗan fashin ya fi ƙarfi.

Aka sake yi wa Sufeto karatun danshi da danƙo tun daga farko, Kawu yana gyara wa Injiniya inda ta tsallake. Sufeto ya saurara, ya girgiza kai, ya ce shi a aikinsa ya yi gadin banki, ya yi gadin gawa, amma yau ya ga sabon abu. Ya bar Kofur a kujera ya tsare tanda har ta huce.

Ga yadda aka tashi. Taya ya rasa mota, ya ba da shaida a kotu, ya sami sassauci, ya fito ba mai ba shi ko keke ya tuƙa. Barkono ya yi rantsuwa sai ya ga bayan Kawu, don haka aka raba musu gidan yari. Attajirin ya ce bai taɓa ganinsu ba, kuma da lauyoyi irin nasa, har su ma sun fara shakkar ko sun taɓa ganin sa. Kawu ya sami shekarun da in ya fito, babu sauran baƙin gashi a kansa. Ba ya ƙorafi. Abu ɗaya ne ke cin sa: an tafi da shi kafin tef ya huce.

Bayan wasu watanni gandiroba ya ce yana da baƙuwa. Tsohuwar ce, da jakarta a cinya. Ta zo masa da faifan, an hana ta shiga da shi, an bar mata kwalin kawai. Ta manna shi a jikin wayar da ta raba tsakaninsu ya gani.

"Ya fito, Mama?"

"Ya fito. Har sun ƙare a kasuwa."

"Muryar fa?"

Ta yi dariya. "Siririya ce, ɗan nan. Ni ina ta neman wata murya mai kauri a kaina, ashe ni na ƙara masa."

"Me ya ce?"

"Makaɗa sun shirya, ana jira ya ɗaga hannu. Sai ya ce a dakata, wa ya ga tabaraunsa. Aka yi ta nema. Can ya ce, af, ga shi a aljihu, matata ce ta saka mini. Sai ya ce musu, matar nan, in ba don ita ba da ni kaina na ɓata tuntuni." Ta goge ido da gefen mayafi. "Duk zaman da muka yi bai taɓa faɗa mini haka ba. Sai ya je ya faɗa wa masu busa ƙaho."

Kawu ya sunkuyar da kai, daɗi da kunya suka haɗe masa.

"To yanzu duk wanda ya sayi faifan zai ji ke nan."

"A'a. Na ce su cire wurin." Ta mai da kwalin cikin jaka, ta ja zif. "Kiɗan nasu ne, su yi ta tarawa. Wannan tawa ce. Daga ni sai yarinyar da ta gasa tef ɗin, sai kai da na zo in faɗa wa."