Inda Tessa Take Zuwa Ran Alhamis

Karo na biyar ke nan 'yan sanda suna tsinto Tessa a titunan birnin Duluth na Amurka cikin dusar ƙanƙara, ba hula, ba safar hannu, jikinta sai kyarma. Shekarunta tara. Tun da iyayenta suka rasu a haɗarin mota take hannun Gwaggo Rhonda, ƙanwar mahaifinta, wadda kullum take sharar hawaye a gaban hukuma tana cewa, “Na yi iya yina, yarinyar nan gudu a jininta yake.” Fayil ya yi ta kauri: mai gudu, mai taurin kai, ta ciji malamarta... Ran Litinin alƙali zai sa hannu a kai ta gidan gyaran hali, inda ake kulle yara.

Sai aka miƙa fayil ɗin ga Odette, ma'aikaciyar kula da yara. Sau uku tana zuwa, Tessa sai zagaye ɗaki take, ta kasa zama, ta ƙi cewa uffan. A na huɗu Odette ta bar fayil a ofis, ta ɗauke ta a mota.

“Kowa ya tambaye ki dalilin gudunki,” ta ce, idonta a kan hanya. “Ni nuna mini inda kike zuwa kawai.”

Tessa ta daɗe tana kaɗa ƙafa. “Tuƙinki kamar na tsohuwa,” ta ce. “Yi hagu.”

A shagon injinan wanki suka tsaya. Yarinyar ta kutsa tsakanin injinan busar da kaya guda biyu, ta jingina bayanta da ƙarfen. “Nan ya fi ɗumi. Kar ki je na bakwai, ya lalace.”

Odette ta zauna a ƙasa kusa da ita.

“Ran Alhamis ƙawayen Gwaggo suke zuwa karta. Wai fuskata tana kore mata sa'a, sai ta fitar da ni ta murza makulli... Na faɗa wa malama, sai ta kira Gwaggo ta tambaye ta ko gaskiya ne. Shi ya sa na cije ta.”

“Ya Ubangiji,” Odette ta ce a hankali, hawaye na zubo mata. “Tessa, dole alƙali ya ji wannan, amma ba zan yi a bayan idonki ba. Ke za ki faɗa, ko ni?”

“Ni. Ki tsaya kusa da ni dai.”

Ran Litinin Tessa ta faɗa a gaban alƙali. Aka duba ranakun da aka tsinto ta, duk Alhamis ne! Tsoho Halvorsen mai shagon injinan wankin ya kawo hotunan kyamararsa, ga Tessa nan a rakuɓe tsakanin injinan duk ran Alhamis. Gwaggo Rhonda ta soma kukan da ta saba, ba wanda ya miƙa mata hankici, 'yan sanda suka fita da ita.

A bakin kotu Tessa ta ja hannun rigar Odette, wadda ta gama karanta mata takardar alƙali.

“Da gaske ya rubuta cewa ban gudu ba?”

“Ya rubuta, 'yata.”

“Ƙara karanta mini.”