Ranar da Umma Ta Sauka Daga Mota

Ina tsaye a ƙofar masaukin baƙi na gandun namun dajin da nake aiki, hular aiki a hannuna, na gan shi yana saukowa daga mota.

Auta!

Saurayina ne, bai kuma faɗa mini zai zo ba. Ya juya ya kama hannun wata dattijuwa mai farin gilashi ta sauko a hankali, bayanta kuma wata budurwa ce da dogon takalmi, a cikin daji.

Ban taɓa haɗuwa da Ummansa ba, amma na san fuskar a hoto. Ita ce ta rantse ɗanta ba zai auri macen da ke yawo da baƙi cikin namun daji ba. Ko sunana ba ta yarda a ambata a gabanta ba.

Na ja shi bayan tankin ruwa.

"Ka haukace ne?"

"Masoyiyata, saurare ni..."

"Ni ce jagorar tawagarku fa! Ni zan shiga da ku!"

"Na sani, ni na roƙa a ba mu ke. Ba ta san ke ce ba. So nake ta gan ki da idonta kafin ta yanke hukunci."

"Waccan mai takalmin fa?"

Ya sosa ƙeya. "Gimbiya ce, 'yar ƙawar Umma, ita take so in aura. Wallahi ba ni na gayyato ta ba."

"Idan asirin ya tonu fa?"

"Barewata, ki yarda da ni."

Barewa suke kirana a wurin aiki, amma a bakinsa kaɗai sunan yake kashe mini jiki. Na sa hulata na koma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, Umma ta so ni.

Tun fitarmu ta farko a buɗaɗɗiyar motar gandun ta zaɓi kujerar kusa da ni. Na nuna mata yadda ake riƙe madubin hangen nesa. Da ta hango raƙumin dawa yana tsinkar ganyen ƙaya, sai ta yi salati tana dariya kamar yarinya.

"'Yata, wannan idan maƙogwaro ya kama shi ai ya shiga uku!"

Washegari muna kallon garken ɓauna ta matso kusa da kunnena.

"Kin ga wancan yaron nawa? Wata ce ta juya masa kai, irin aikinku take yi. Ke da kike cikinsu, ki faɗa mini gaskiya, mace mai wannan aikin tana zaman aure?"



"Umma... ya danganta da macen."

"Ke dai kina da hankali," ta ce tana dafa ni. "Da irinki ce ma da sauƙi."

Na waiwaya. Auta yana murmushi, ni kuwa kamar in yi kuka. Gimbiya tana bayansa, ta zuba mini ido ba ƙiftawa.

Safiyar ƙarshe muka tsaya nesa kaɗan da mashayar dabbobi. Direba ya kashe mota, na ce kowa ya rage murya, giwaye suna hanya. Gimbiya ta ce cajin wayarta ya ƙare, ta karɓi ta Auta za ta ɗauki hoto.

Ba daji take kallo ba. Yatsanta kawai nake gani yana tafiya a kan wayar.

"Umma," ta ce da wata siririyar murya, "kalli wannan hoton. Ba jagorarmu ba ce wannan tare da Auta?"

Umma ta gyara gilashi. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta kalli ɗanta.

"Ke ce?"

"Umma, ki yi haƙuri..."

"Ke ce! Kuka zaunar da ni kamar sakarya, ina buɗe miki cikina, kuna yi mini dariya!"

"Umma laifina ne, ita ba ta..."

"Rufe mini baki, Auta!"

Kafin in ankara ta buɗe ƙofa ta sauka.

"Umma, ba a sauka a nan!"

"Da in zauna mota ɗaya da maƙaryata gara in taka da ƙafata!"

Ta kama hanyar da muka biyo, tana share hawaye da gefen mayafi. A daidai lokacin na ji ƙarar karyewar reshe daga cikin kurmin da ke gefen hanyar.

Innalillahi...

Uwar garken ce ta fito, ɗanta yana manne da ƙafarta. Tsakaninta da Umma bai wuce faɗin tsakar gida ba.

Gimbiya ta ƙwala ihu. Auta ya yunƙura zai dira, direba ya cafke rigarsa.

"Kada wanda ya motsa," na ce. "Direba, ka riƙe shi da kyau. Ke kuma Gimbiya, yi shiru!"

Na sauka.

Ban yi gudu ba, duk da ƙafafuna gudun suke so. Giwar ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai, ta yi wata kururuwa da na ji ta har cikin haƙorana. Umma ta sandare, sai leɓɓanta ke motsi.

Na isa na kama hannunta, na shiga gabanta.

"Umma, kada ki juya baya. Kada ki gudu."

"Za ta kashe mu..."

"Tsoro take ji saboda ɗanta. Ki bi takuna, a hankali."

Giwar ta taho da ƙarfi, ƙasa tana girgiza. Na ɗaga hannu ɗaya ina yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ma san me nake faɗa ba. Ta ja birki, ƙura ta rufe mu. Ta tsaya tana kaɗa hanci, tana kallonmu.

Muka ja da baya. Muka ƙara ja.

Sai da bayana ya taɓa ƙarfen mota sannan ta juya, ta tura ɗanta gaba da hancinta suka gangara mashaya.

Auta ya ɗago Umma cikin mota ya rungume ta, ya miƙo mini ɗaya hannun yana kuka. Ban kama ba. Direba ya tayar da mota muka koma masauki.

Na yi wa shugaban jagorori bayanin abin da ya faru, na shige ɗakina na kifa kai a gwiwa. Na gama sallamawa na rasa Auta.

Da la'asar aka ce Umma tana kirana.

Na same ta ita kaɗai a baranda. Na durƙusa a gabanta, ta kama hannuna ta juya shi.

"Har yanzu rawa yake yi."

"Eh, Umma."

"Ashe kina jin tsoro?"

"Sosai ma."

Ta mayar da idonta kan bishiyoyi.

"Kin ɗauka raina aikinki na yi? Abin da na gani yau shi nake gudu. Ranar da za a bugo waya a ce wa ɗana matarsa ta shiga daji ba ta fito ba. Na san shi, ba zai ƙara zama mutum ba."

Hawayena suka zubo.

"Umma, na yi miki laifi da na ɓoye, ki yafe mini. Amma ba zan ƙara yi miki wata ƙaryar ba... ba zan iya barin aikin nan ba."

"Na ce ki bari ne?"

Na ɗago kai.

"Ni na sauka daga motar, ba ke ba. Kuma da ba ki iya aikin ba, da yanzu gawata ake nema." Ta goge mini fuska da tafin hannunta. "Shi wancan mai shirya makircin, ni da shi ne a gida. Auta! Fito daga bayan labulen nan, tun ɗazu nake ganin ƙafarka!"

Ya fito sumui-sumui. Dariya ta ƙwace mini a cikin kuka.

"Ka tambaye ta gidan iyayenta, kawunanka za su je. Gimbiya kuma ni zan yi wa uwarta bayani."

"Umma!" Ya zube a gabanta, ya juyo gare ni idonsa jawur. "Kin ji, rabin raina? Kin ji?"

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, kuma har yau da muke da aure ban taɓa karya shi ba. Duk yammar da na fito daga daji, kafin in cire takalmi, kafin in nemi mijina, ita nake fara kira.

Wayar ba ta taɓa yin ƙara sau biyu kafin ta ɗauka ba.

"Kin fito?"

"Na fito, Umma."

Sai in ji ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. To yanzu sai in ci abinci."