Kukan Modem a Bakin Auta

Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidajen maƙwabta, inuwa ta cika tsakar gida, Maman Auta tana kwashe shanya daga igiya. A falo kuwa Baban Auta ya tuɓe takalmi ya zauna gaban kwamfuta, kamar yadda ya saba in ya taso daga shagonsa na kayan gyaran mota. Kwamfutar ta shigo gidan ne da sunan aiki, wai don ya riƙa samun saƙon masu kawo masa kaya. Amma Allah ya sani, abin da yake jira shi ne imel ɗin wani tsohon abokinsa da ke ƙasar waje, mai turo masa labaran ban dariya da hotunan birai sanye da tabarau. Shi mutum ne mai tsokana tun yana yaro, kuma furfura ba ta rage masa komai ba. Shi ne mai ɗaure wa baƙo igiyar takalmi a ƙafar kujera, ya koma gefe yana tasbihi.

A wancan zamanin intanet ta layin wayar girke take bi. Akwai wani ɗan akwati da ake kira modem, in an danna sai ya buga lamba, ya yi gurnani, ya yi tsuwa, ya yi shuu kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, sannan ya haɗu. Muddin yana haɗe, duk wanda ya kira gidan sai ya ji layi a cike. In kuma wani ya ɗaga kan waya, ko ta falo ko ta ɗakin barci, sai komai ya tsinke, hoton biri ya tsaya iya kunnuwa.

Kwana biyu abin yana ta tsinke masa, har ya kira injiniyan kamfanin intanet ya yi masa faɗa. Injiniya ya bi da shi ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta shiga ramin modem sosai? Ta shiga. In ka ɗaga waya kana jin sautin layi? Ina ji. Kalmar sirrin da ƙananan baƙaƙe ka rubuta ta? Da su. Sai injiniya ya ce, "To Yallaɓai, ɓarawonka a gida yake. Akwai mai ɗaga waya."

Mai ɗaga wayar kuwa Auta ce, 'yarsu mai shekara tara. A hannun Kakarta ta wajen uwa ta girma, sai da za ta shiga makaranta aka dawo da ita. Kaka tana wani gari, ƙafa ta yi mata nauyi, ba ta da waya, sai dai ta dogara sanda zuwa shagon maƙwabcinta gab da zai rufe, ta kira jikarta. Daidai wannan lokacin ne kuma Baban Auta yake riƙe layi. Yarinya ta zauna jira, ta ji shiru, ta lallaɓa ta ɗaga ko za ta ji Kaka a ciki.

Ya yi mata faɗa, ba ta bari ba. Ya ce mata tsuwar nan da take ji aljanu ne suke hira a cikin waya, ta yi dariya ta ce, "Kai Baba, kai dai da wasa." Wannan dariyar ce ta tayar masa da tsohon hali. A wannan yammacin bai haɗa modem ba. Ya yi kamar zai shiga wanka, ya zame ɗakin barci, ya ɗaga waya ta biyu, ya naɗe bakinta da hankici, ya jira. Bai daɗe ba ya ji ƙaras, Auta ta ɗaga ta falo.

"Kaka?"

Ya maƙe murya, ya ja ta kamar ta tsohuwar da ta shekara ɗari ba ta sha ruwa ba. "Ni ce mai zama cikin waya. In kika sake ɗaga ta, zan karɓe muryarki in ba ki tawa."

Ya ji kan wayar ya faɗi ƙasa, ya ji gudun ƙafafunta zuwa tsakar gida. Ya danne baki da filo yana ƙyaƙyatawa har hawaye. Wayar tana nan a kunnensa, zai ajiye ke nan, sai ya ji numfashi a ciki. Numfashi ne mai tsawo, a hankali, kusa ƙwarai, kamar mai shi yana kwance a cikin kunnensa. Sannan wata murya, wadda ba hankici a kanta, ta ce, "To. Na ji."

Ya ajiye. Ya ce wa kansa layi ne ya haɗu da na wani gida, ai yana faruwa. Bai gaya wa kowa ba.

Washegari da almuru dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano. Maman Auta ta leƙa waje tana zagin yaran unguwa, ba ta ga kowa ba, titi fayau. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a bakin ƙofar falo, ta ɗauka ta ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata. Daga ranar, da zarar haske ya fara dushewa sai jifa ta fara, ta kuma tsaya cak in duhu ya gama rufewa. Modem ya koma buga lamba da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Saƙonni suna shigowa babu sunan mai aikowa, babu komai a ciki sai fari. Wanda Baban Auta ya rubuta kuma ya maƙale a akwatin fita, ya ƙi tafiya. Kalmar sirrin da ya fi sanin ta fiye da ranar haihuwarsa, kwamfuta ta ce ba ita ba ce.

Injiniya ya zo da jakarsa. Ya canja igiya, ya goge saƙon da ya maƙale, ya sa wa modem sabuwar lamba, ya kara tasa wayar a layi ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago fuskarsa ta canja. "Layinka lafiya lau yake, Yallaɓai. Amma a ɗage yake. Akwai waya ta uku a gidan nan?" Aka ce babu. Ya bi igiyar da ido har inda ta shige wani rami a bangon bayan falo, kusa da silin, ramin da Baban Auta ya huda da kansa ranar da aka kawo kwamfuta. Injiniya ya tattara kayansa, ruwan da aka kawo masa ma bai sha ba.

Auta kuwa ta daina zuwa kusa da waya. Takan zauna a bakin ƙofa ta zuba mata ido daga nesa, ta rame, abinci sai an matsa mata. Uwar ta tambaye ta, ta faɗi abin da ta ji, uwar ta ce mafarki ne. Uban yana zaune a wurin, ya buɗe baki, ya ga idon matarsa, ya mayar ya rufe. Ya ce a ransa gobe zai faɗa. Goben ta yi, ya sake cewa gobe.

Sai wani yammaci, ana tsakiyar jifa, wayar ta yi rabin ƙara ta yi shiru. Kewar Kaka ta fi tsoro ƙarfi. Kafin uwar ta fito daga kicin, Auta ta riga ta ɗaga. Ta tsaya da kan wayar a kunne, idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Uwar ta girgiza ta tana kiran ta. Yarinya ta buɗe baki, sai ga sautin layi, dogo, siriri. Sannan bugun lamba, ɗaya bayan ɗaya. Sannan gurnani, da tsuwa, da shuu ɗin nan, duk daga maƙogwaron yarinya 'yar shekara tara.

Aka kai ta asibiti, likita ya haska maƙogwaro ya ce bai ga komai ba. Da rana takan zauna shiru, in ta so ruwa ta nuna da hannu. Da almuru sai kukan modem ya taso daga bakinta har jijiyoyin wuyanta su miƙe. Baban Auta ya daina zuwa shago. Yakan zauna a gefen katifarta yana mata fifita, in ta dube shi sai ya kau da kai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk lokacin da tsoro ya kama ta, hannunsa take nema ta riƙe.

Yayan Maman Auta ne ya zo da Malam, wani dattijo siriri mai karatu, wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso gab da faɗuwar rana, ya zauna a tabarma kusa da kan yarinyar, ya fara karatu a hankali. Jifa ta fara, ya ci gaba. Tsuwar ta taso, ya ci gaba, har ta koma nishi, nishin ya koma magana.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, busasshiya. Baban Auta ya gane ta, ita ce ta ce masa "To. Na ji" a waya.

Malam ya ce, "Wace ce ke, me kuma yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. A cikin bangon can nake tun kafin a yi masa fenti. Aka huda mini ɗaki aka zura igiya, na yi haƙuri. Kullum lokacin fitowata a sa mini wannan abin mai ihu a ka, na yi haƙuri. Ban taɓa ko cokalinsu ba. Sai aka ari bakina aka yi alkawari da shi. An ce ni ce na ce zan karɓe murya. To ni ba a mayar da ni maƙaryaciya. Abin da aka faɗa da sunana na cika."

"Wa ya ari bakinki?"

Kan Auta ya juya a hankali, idanun suka tsaya a kan uban. "Mai hankici. Ko muryar ma bai iya ba."

Maman Auta ta yi wa mijinta wani irin kallo, da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Malam ya ce, "An zalunce ki, na yarda. Amma ke ma kin ɗora wa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku, ki mayar mata da abinta."

"A ba ni tasa a madadi. Gidan ma zai huta."

"Ki ɗauka," in ji Baban Auta. "Wallahi ki ɗauka."

"Yi shiru, Maigida," Malam ya katse shi. "Bakinka ne ya kawo mu nan, kada ya ƙara mana wani." Ya koma ga yarinyar. "Ba musaya tsakaninmu. Faɗi haƙƙinki na gaskiya, a biya ki."

Aka ji wani ɗan dutse ya gangara a kan kwano ya faɗi.

"A zare igiyar daga ɗakina, a toshe ramin. In rana ta yi ja, a bar layin nan ya huta. Sannan ya wanke ni. Yarinyar tana ji, tana nan a ƙasana. Ya gaya mata da bakinsa, da irin muryar da ya yi."

Baban Auta ya taka kujera ya fizge igiyar daga bango, ƙasa ta zubo masa a fuska, ya mayar da wayar falo kan layinta ita kaɗai. Ya dawo ya durƙusa. Ya zaro hankici daga aljihu, ya rufe baki, ya maimaita maganar nan kalma bayan kalma, a gaban matarsa da yayanta da Malam. Bai taɓa yin wasan da ba wanda ya yi dariya ba sai ranar. Ya cire hankicin ya ce, "Auta, ni ne. Babanki ne. Ba kowa a waya, ni ne a ɗaki. Don kawai in ga hoton biri."

Hawaye ya gangaro daga idon yarinyar, ba a san ko na wace ce ba a cikin su biyun.

"Na tafi," in ji muryar, ta yi nisa kamar daga ƙasan rijiya. "Alamar tafiyata, zan sakar muku layi. Akwai wata baiwar Allah da take ta bugowa kullum, ina jin ta. Ta fi ku duka haƙuri."

Jikin Auta ya saki. Rufin kwano ya yi shiru. Sai wayar falo ta ɗauki ƙara, cikakkiya, mai ƙarfi, irin wadda gidan ya manta da ita.

Auta ta tashi zaune ta dubi wayar, ta ɓoye hannayenta a bayanta. Uban ya miƙa mata nasa hannun ya taimaka mata ta tashi, ba ta kama ba, ta raɓe jikin uwarta. Shi ya je ya ɗaga. Ya ji muryar surukarsa tana haki: "Kai ɗan nan, wace irin hira kuke yi haka da ba ta ƙarewa? Kullum sai na jawo ƙafar nan, a ce mini a cike. Ina 'yar tawa?"

Ya jawo igiyar iya tsawonta, ya durƙusa, ya riƙe kan wayar a saitin kunnen Auta, bai bari ya taɓa ta ba. Ta daɗe tana saurare. Sannan leɓunanta suka motsa, wata 'yar murya a dishe ta fito.

"Kaka, ke ce da gaske?"

Ba wayar take kallo ba da ta yi tambayar. Bakinsa take kallo, ta tabbatar a rufe yake.