Libarbar Saja Bong

Washegarin bikin kaka na 1994, tsoho Gil ya dawo daga kabarin iyayensa ya tarar an yashe kunya huɗu na insam, wata saiwar magani mai tsada, a gonarsa da ke bayan garin Baramgol. Shekara shida yana renon saiwar nan, saura mako biyu a haƙa. Karensa Nurongi na nan ɗaure da ransa, muryarsa ce kawai ta dishe don haushi. A jikin katakon ɗakin karen kuwa ga ramukan harsashi uku.

Kwana huɗu bayan haka sakamako ya zo daga birni: harsasan daga libarbar wani ɗan sandan garin, Saja Bong Chil-song, suka fito. Saura wata biyu ya yi ritaya. Nan take aka karɓe hularsa, aka zaunar da shi a ɗakin baya, garin kuma ya ɗauka. A Baramgol in ka yi atishawa a kasuwa, kafin ka isa gida an ce tarin fuka gare ka.

Aka turo Sufeto Maeng daga birni, mutum mai ƙaton tumbi, ba ya gaggawa sai wajen cin abinci. Gona ya fara zuwa. Karen ya taso masa har sarƙa ta miƙe, ya tsaya cak a wani gurbi da ƙafafunsa suka daɗe da haƙawa.

"Kullum nan yake tsayawa, Baba?" in ji Sufeto.

"To ina zai je? Iyakar sarƙar ke nan," in ji tsoho Gil.

Sufeto ya ƙirga taku goma sha biyar daga ƙofar shinge, inda dole baƙo ya tsaya. Ya auna ramukan. Murfin kwanon shinkafa zai rufe su duka uku, kuma suna taƙi biyu hagu da ƙirjin karen. Ya ce a ɓamɓaro masa katakon.

A caji ofis ya buɗe littafin aiki. Mutum huɗu ke riƙe da mabuɗin akwatin makamai. Shugaban ofis ya yi bikin a garin surukansa, a gaban mutum talatin, har da hoto. Saura uku.

Kurtu Pi ya fara shigowa, yana share zufa.

"Ina kake da tsakar ranar biki?"

"Kan tebur, Yallaɓai. Ni da waya. Ko bayi ban je ba."

"Ka iya harbi?"

"Yallaɓai, ka tambayi kowa. Bara da muka je atisaye, takardar saitin maƙwabcina na harba."

Kofur Tak Jin-u ya shigo da kaki kamar yanzu aka ɗauko daga wajen guga. Sau uku yana cin gasar harbi ta lardi, kuma ba ya bari a manta.

"Na fita sintiri ƙarfe sha biyu, na dawo ƙarfe biyu," in ji shi. "Gari fayau, kowa na kan tudu wajen kaburbura. Wallahi abin ya dame ni. Yaya Bong shi ya koya min aiki. Amma bindiga ba ta ƙarya."

Daga ƙarshe sai Saja Bong, ya rame cikin 'yan kwanakin nan.

"Na ajiye libarbar a akwati, na tafi kabarin matata," in ji shi. "Na yanke ciyawa, na zuba mata giyar shinkafa, na zauna."

"Wa ya gan ka?"

"Ita kaɗai."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya ɗauki libarbar ya nufi bakin rafi, ya kafa takarda a jikin tudun yashi, ya ja baya taku goma sha biyar, ya ɗora hannu a kan buhu. Harbi uku, duk suka tafi hagu. Ya ce watakila harsashin ne ya kwana biyu, ya canza kwali. Hagu dai. Ya leƙa bututun ko dalma ta taru, ya gan shi tas. Ya girgiza gangar da ke juya harsasai, ba ta motsi, kowane rami na tsayawa daidai da bututu. Ya shafa bakin bindigar da ɗan yatsa, babu tsagu. Sai da ya ɗaga ta saitin rana ya runtse ido ɗaya ya ga abin: ɗan ƙarfen saiti na gaba ya karkata dama, kaɗan ƙwarai, kuma karkatar ta tsufa har ta yi baƙi ɗaya da sauran ƙarfen. Ya yi dariya shi kaɗai, ya tafi cin taliya.

Da la'asar ya tara su uku a bakin rafin. Tsoho Gil ma ya biyo, ba wanda ya gayyace shi.

"Birni na son rahoto a kan bindigar," in ji Sufeto. "Kowa harbi uku."

Pi ya rufe ido biyu ya ja kunama. Ɗaya a yashi, ɗaya a gefen takarda, na ukun har yau ba a san inda ya tafi ba.

"Kai, a ba wannan tsintsiya!" in ji tsoho Gil.

Tak ya karɓa. Da yana da wayo da ya watsar da su, amma gwani ba ya iya yin kuskure a gaban mutane. Ya gyara tsayuwa ya saki uku a jere, suka taru wuri ɗaya, taƙi biyu hagu da baƙin ɗigon tsakiya. Ya kalli bindigar ya taɓe baki.

Saja Bong ya karɓa. Ya ɗaga ta ya harba. Uku, duk a cikin ɗigon.

Sufeto ya ciro takardar Tak, ya jingina ta kusa da katakon ɗakin kare. Kamar an haife su rana ɗaya.

"Wanda ya harbi karen nan gwani ne," in ji shi. "Pi ba zai tara uku wuri ɗaya ba ko an biya shi. Amma gwanin bai san halin bindigar ba. Da Saja ne, da Nurongi ya mutu tun harbin farko. Kai ka ɗauki tasa don ka san ba ya nan, ka goge ta, ka cike gurbi da harsashin atisaye, wanda kai ke ajiyarsa."

"Wannan ai hasashe ne, Yallaɓai," in ji Tak.

"Haka ne. Shi ya sa na aika a buɗe rumbun ƙanin matarka tun ɗazu. Buhu biyar na insam, da ƙasarsu."

Tak ya zauna a kan yashi, gugar wandon ta lalace. Tsoho Gil ya yi ta tambaya ko saiwar ta yi laushi, da aka ce masa lafiya lau take sai ya cire hula ya rusuna wa Saja har sau uku.

Bayan an tafi da Tak, Saja Bong ya tsuguna a bakin ruwa ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. Sufeto ya tsaya a kansa.

"Yaya, tun yaushe take haka?"

"Tun 1971. Makona na farko a aiki."

"Shekara ashirin da uku kana auna dama don ka samu tsakiya, ba ka kai gyara ba?"

"In na kai, sai na rubuta takardar tuba, in faɗi yadda aka yi." Ya share fuska da hannun riga. "A kan keke nake. Wata yarinya na wanki a daidai dutsen can, na juya ina kallonta, sai ga ni cikin kwalbati, ni da keke da bindiga."

"Yarinyar fa?"

"Ita ta tsamo ni, ita kuma na aura. Shekara ashirin da ɗaya tana min dariyar abin."

Sufeto ya miƙa masa hularsa, ya haɗa da farar takarda da biro.

"Doka doka ce. Gobe da safe ina son takardar a kan teburina, daga nan a kai ta gyara."

Saja ya sa hular, ya gyara mata zama, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Takarda kam zan rubuta, Yallaɓai," in ji shi. "Amma gyaran a bari sai na tafi. In aka miƙe ta yanzu, ni ma karen zan kuskure."